Yaron da ke Zane a Bayan Littafi: Labarin Masu Zana Cikin Jikin Ɗan Adam

A kusan kowane gida akwai yaro guda, ko yarinya, wanda in aka buɗe littafinsa na lakkol za a tarar da shafukan baya cike da zane: ga doki, ga motar ɗaukar kaya, ga fuskar malamin lissafi an ƙara mata tsawon hanci. Abin da ke biyo baya kuwa duk mun san shi. Uba ya ɗaga murya, uwa ta ce ana ɓarnar takarda, a ƙarshe a gaya wa yaro ya zaɓi ɗaya, ko karatu ko shiririta. To akwai wata sana'a wadda ba ta yarda da wannan zaɓi ba, domin ba a iya yin ta sai an haɗa hannun mai zane da kan mai kimiyya a jikin mutum ɗaya. Ita ce sana'ar zana abin da ke cikin jiki: ƙashi da tsoka da jijiya, ƙwayar cuta da hanyar da take bi, da matakan aikin tiyata ɗaya bayan ɗaya. Duk likitan da ya taɓa duba ku, da duk ungozomar da ta karɓi haihuwa a asibiti, sun yi karatu ne da hotunan da irin waɗannan mutane suka zana, ko da yake da wuya su iya faɗa muku sunan ko guda daga cikinsu.

Bari mu fara da wani uba da ɗansa. A shekarar 1852 aka haifi Santiago Ramón y Cajal a wani ƙaramin ƙauye na arewacin ƙasar Sifen. Mahaifinsa likitan fiɗa ne wanda ya taso cikin talauci, ya kai inda ya kai da guminsa, don haka ba shi da haƙuri da duk abin da bai ga abinci a cikinsa ba. Shi kuwa yaron ba ya son kome sai zane. Yana zana bango, yana zana takarda, ga ƙiriniya da taurin kai, ana ta sauya masa makaranta. Da abin ya ishi uban sai ya cire shi ya kai shi koyon aiki wurin wanzami, daga baya kuma wurin mai ɗinkin takalma, ko wahala ta sa ya dawo hanya. Bai daina zane ba.

Sai da yaron ya kai shekara 16, a 1868, uban ya sake dabara. Ya ɗauke shi suka shiga tsohuwar maƙabarta suka tattaro ƙasusuwan da ƙasa ta tono, suka zauna yana koya masa sunan kowane tudu da kowane rami da ke jikin ƙashi, ɗan kuwa yana zanawa. A nan ne uban ya ga abin da ya shekara yana yaƙa yana yi masa amfani, ɗan kuma ya ga cewa ilmin mahaifinsa abin kallo ne mai ban mamaki. Ya shiga karatun likita a birnin Saragosa ya gama a 1873, ya yi aikin likitan soja a Kuba inda zazzaɓin cizon sauro ya kusa halaka shi, ya dawo gida ya zama malamin jami'a.

Abin da ya sa duniya ta san shi ya faru ne daga 1887. A lokacin masana sun ɗauka cewa ƙwaƙwalwa saƙa ce guda ɗaya, zare haɗe da zare ba yankewa, kamar ragar kamun kifi. Wani likitan Italiya mai suna Camillo Golgi ya riga ya gano, tun 1873, wata hanyar rina naman ƙwaƙwalwa da ruwan azurfa, inda ƴan ƙwayoyi kaɗan ke yin baƙi ƙirin sauran su tsaya ba launi, sai a ga ƙwaya guda da dukan rassanta kamar bishiyar kuka a lokacin rani. Cajal ya gyara wannan hanya, ya riƙa amfani da ƙwaƙwalwar ƴan tsaki da ƙananan dabbobi wadda ba ta gama cunkushewa ba, ya duƙufa kan madubin ƙara girma yana kallo yana zanawa. Madubin Golgi da nasa kusan iri ɗaya ne, rinin ma ɗaya ne. Amma mai zane ba ya iya jan layi sai ya yanke shawara a kan inda layin ya fara da inda ya tsaya, kuma a wurin wannan yanke shawara ne Cajal ya tabbata cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi, tana kusantar maƙwabciyarta ba tare da sun narke cikin juna ba. Har kibiyoyi ya riƙa sakawa a zanensa don nuna ta inda saƙo ke shiga da ta inda yake fita. A 1906 aka raba lambar yabo ta Nobel tsakaninsa da Golgi, kuma a wurin bikin Golgi ya tashi ya kare tsohon ra'ayinsa. Sai a shekarun 1950, bayan rasuwar Cajal a 1934, madubi mai aiki da lantarki ya nuna ƴar tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin, ya gaskata mai zane. Ya bar zane kusan dubu uku, kuma har gobe ana saka su a littattafan koyar da likitoci.

Mai karatu na iya cewa: ai wannan zamanin da babu kyamara mai kyau ne, yanzu me zai hana a ɗauki hoto kawai? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ranar Layya ya riga ya san amsar. In an buɗe ciki, abin da ido ke gani jini ne da kitse da kayan ciki kwance kan juna, kusan launi ɗaya. Mahauci ya san wannan saifa ce wannan matsarmama ce domin hannunsa ya saba, amma baƙo ba ya ganin kome sai ja. Kyamara irin wannan baƙo ce, duk abin da ke gabanta take kwasowa. Mai zane shi ne ke share jinin, ya ɗage abin da ya rufe, ya bar jijiyar da ɗalibi ke buƙatar gani, ya ba ta launin da zai bambanta ta da ta kusa da ita. Jan da ake shafa wa jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, da shuɗin da ake shafa wa mai mayar da shi, da rawayan jijiyar saƙo, duk al'ada ce ta masu zane, a cikin jiki ba haka suke a rarrabe ba. Kuma ba wanda zai iya cire abu daga hoto ba tare da ya ɓata gaskiya ba sai wanda ya san amfanin kowane abu.

Mutumin da ya mai da wannan aiki sana'a mai makaranta da shaida shi ne Max Brödel. Shi ta ɗaya ƙofar ya shigo: an haife shi a Laifzig ta Jamus a 1870, ya yi makarantar zane, bai taɓa karatun likita ba. Yana saurayi ya samu aikin zane a ɗakin binciken wani masanin aikin jiki mai suna Carl Ludwig, a 1894 kuma ya ƙetare teku zuwa asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, inda ya yi aiki da likitan mata Howard Kelly. Ƙa'idarsa ita ce ba ya zana abin da bai fahimta ba. Yakan tsaya a ɗakin tiyata, ya yi fiɗar gawa da hannunsa, ya karanta abin da likitoci suka karanta. Wannan naci ya kusa cinye shi, don a 1899 ƙwayar cuta ta shiga hannunsa wurin fiɗa, a zamanin da babu maganin kashe ta, aka yi masa aiki sau da yawa, ya tashi da lahani a jijiyar hannun hagu.

Da aka sa shi zanen ƙoda, sai ya ga bayanin da ke cikin littattafai bai gamsar da shi ba. Ya ɗauki ƙoda bayan ƙoda yana cika jijiyoyinsu da rini yana bin rassansu, har ya nuna cewa akwai wani layi a bayan ƙoda inda rassan gaba da na baya suke iyaka da juna, wanda in likita ya yanka ta nan jini ba ya zuba da yawa. Likitocin ƙoda suna kiran wurin da sunansa har yau. A duba wannan da kyau: mutumin da aka ɗauka don ya yi wa littafin wani ado, shi ne ya nuna wa masu wuƙa inda za su sa wuƙa. Ya kuma ƙirƙiro hanyar zane da garin gawayi, ana shafa shi da burushi a kan takarda mai alli, wadda ke fitar da sheƙin nama mai rai. A 1911 aka buɗe masa sashen koyar da zanen likitanci a wannan jami'a, na farko irinsa a duniya, da kuɗin wani attajiri mai suna Henry Walters. Ɗalibansa suka bazu, cikinsu har da Maria Wishart wadda ta kafa irin wannan sashe a Jami'ar Toronto ta Kanada a 1945. Ƴarsa ta cikinsa ma wannan sana'a ta bi.

Na ukunsu shi ne wanda ɗaliban likitanci na ƙasashenmu suka fi sani, domin littafinsa na nan da Faransanci da Turanci, ana aron sa hannu da hannu har bangonsa ya tsufa. Frank Netter, haifaffen Niyok a 1906, ya fara da makarantar zane, iyalinsa suka matsa masa ya nemi sana'ar da ake girmamawa, ya bi umarni ya zama likitan fiɗa. Ya buɗe wurin aikinsa daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a shekarun 1930, marasa lafiya ba su da abin biya, kamfanonin magani kuwa suna neman mai zana musu zuciya da huhu. Sai ya ajiye wuƙa ya koma ga burushi. Daga 1937 ya shiga aiki da kamfanin magani na CIBA, ya yi shekara fiye da 50 yana zane, ya bar hotuna wajen dubu huɗu. Babban kundinsa na sassan jiki ya fito a 1989, shekara biyu kafin rasuwarsa. A ganina, da ya ci gaba da fiɗa da ya warkar da mutanen unguwa ɗaya, amma da wuya a samu asibiti a duniya yau da babu wanda ya koyi jiki ta hannunsa.

A nan dole a tsaya kan tambayar da ke zuciyar iyaye da yawa, wato hukuncin zana abu mai rai. Magana ce da malamai suka yi bayani a kanta tun da daɗewa, kuma da yawa daga malaman wannan zamani sun sauƙaƙa a kan hoton da ake buƙata don koyarwa da magani, balle zanen gaɓa guda kamar ƙoda ko ido. Wanda abin ya shige masa duhu ya kai wa malaminsa tambaya da cikakken bayanin irin aikin. Abin da tarihi ya tabbatar dai shi ne likitocin Musulmi sun yi wannan zane. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya cika babin tiyata na littafinsa At-Tasrif da zanen kayan aiki kusan ɗari biyu, don maƙeri ya gani ya ƙera, ɗalibi ya gani ya gane, aka fassara shi zuwa Latin Turawa suka yi ƙarnuka suna karatu da shi. Mansur ibn Ilyas na Shiraz, a ƙarshen ƙarni na 14, ya zana jikin mutum sukutum shafi shafi: na ƙashi daban, na jijiyoyi daban, na tsoka daban. A 1465 kuma likitan Turkiyya Sharafuddin Sabuncuoglu ya zana likita da majinyaci a tsakiyar aiki. Duk wannan kafin littafin Andreas Vesalius na 1543, wanda Turawa ke ƙirga sabon ilmin sassan jiki daga kansa.

Sana'ar tana da tabonta, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ɗaya daga cikin kundayen da suka fi kowane kyau, na Eduard Pernkopf na birnin Biyana, an fara fitar da shi a 1937, an yi aikinsa a zamanin mulkin Nazi. Binciken da jami'ar birnin ta yi a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa gawarwakin mutane fiye da 1,300 da gwamnatin ta kashe an kai su sashen da yake shugabanta. An daina buga littafin tun 1994, kuma har yanzu likitoci na muhawara ko ya halatta a buɗe shi. Shi ya sa makarantun kirki suke fara koya wa ɗalibi mutuncin gawa da izinin mai jiki kafin su koya masa inuwa da haske.

Yau garin gawayi ya ba kwamfuta wuri, ko da yake fensir bai mutu ba. Ana ɗaukar hotunan na'urar leƙa jiki, ɗaruruwan yanka siri-siri, a jera su a kwamfuta su tashi su zama gaɓa mai tsawo da faɗi da kauri, wadda likita zai juya ta ko'ina, ko a buga ta da roba ya riƙe a hannu kafin ya shiga tiyata. Kowa ya tuna ƙwallon nan mai launin toka da jajayen ƙayoyi da ya cika talabijin da bangon asibitoci a shekarar korona. Mutum biyu ne suka yi shi, Alissa Eckert da Dan Higgins, masu zane a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a watan Janairu na 2020. Siffar ƙayoyin sun ɗauko ta ne daga ma'ajiyar bayanan masana, amma launin nasu ne, domin ƙwayar ta yi ƙanƙantar da ba ta da launi ko kaɗan. Sun zaɓi ja don ido ya tsaya kan ƙayar da cutar ke kama jikin mutum da ita, kuma don mai kallo ya ji cewa abin ba na wasa ba ne. A Ostareliya kuma akwai Drew Berry, wanda ya karanta ilmin ƙwayoyin halitta sannan ya koma yin hotuna masu motsi. Cikin ayyukansa akwai na zazzaɓin cizon sauro: ana ganin ƙwayar ta fito daga bakin sauro, ta bi jini zuwa hanta, ta ɓuya tana hayayyafa, ta fashe ta auka wa jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya kalli wannan na ƴan mintoci ya fahimci dalilin da ya sa zazzaɓi ke tafiya yana dawowa, da dalilin da ya sa ake cewa a shanye magani ko da jiki ya yi sauƙi.

Inda maganar ta fi shafar mu shi ne launin fata. Wani bincike da aka buga a 2018 ya duba hotuna fiye da 4,000 a manyan littattafan likitanci guda huɗu, ya tarar waɗanda ke nuna baƙar fata ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Wani zai ce wannan ƙorafin ado ne. To a tuna cewa littafi yana koya wa ɗalibi cewa ƙurajen ƙyanda ja ne, cewa yaron da numfashi ya gaza masa yakan yi shuɗi, cewa ɗigon jinin da ke fitowa a fatar mai sanƙarau ana ganin sa da ido. A jikin ɗanku ja ba ya fitowa ja. Ƙyanda takan zo da duhu-duhu ko a fi jin ta da tafin hannu, rashin iska yakan nuna a leɓe da dasashi da harshe su yi fari-fari ko toka-toka, shawara a farin ido ake neman ta, ƙarancin jini a cikin fatar ido da tafin hannu, ɗigon sanƙarau kuwa sai an duba tafin ƙafa da cikin baki da cikin fatar ido. Tsofaffin ma'aikatanmu sun koyi wannan da yawan gani, amma sabon ɗalibi da littafinsa kaɗai yana iya kallon alama bai gane ta ba, kuma mu ne ke zaune a yankin da sanƙarau ke zagayowa da rani. A 2020 wani ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, haifaffen Zimbabuwe, ya haɗa kai da malamansa biyu suka fitar da ɗan littafin alamomin cuta a baƙar fata. A ƙarshen 2021 kuma wani saurayi ɗan Nijeriya, Chidiebere Ibe, wanda ya koya wa kansa wannan zane, ya fitar da hoton mace baƙa mai ciki da ɗan tayi baƙi a mahaifarta. Hoton ya zagaya duniya, mutane da yawa, har da ma'aikatan lafiya, suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya bayan Vesalius ke nan.

A ƙara da cewa a garuruwanmu da yawa daga masu zuwa awon ciki ba sa karanta Faransanci, wasu ba sa karanta boko sam. Allon hotunan da ma'aikaciyar lafiya ke buɗewa tana bayani shi ne littafinsu. In an zana uwar da tufar da ba irin tasu ba, ko cokalin da ba a san girmansa ba wurin haɗa ruwan gishiri da sukari, saƙo ya ɓace. Mai zanen da ya san yadda ake goyo da yadda ake zama kan tabarma yana da abin da ɗan wata ƙasa ba shi da shi.

To yaya ake shiga? Makarantun ba su da yawa, kuma galibinsu na digiri na biyu ne. A Amurka akwai ta Johns Hopkins da ta Jami'ar Ilinoi a Shikago da ta Ogosta, a Kanada akwai ta Toronto, a Sikotilan akwai Dandi da Gilasgo, ga masu Faransanci kuma makarantar Estienne ta birnin Paris tana da sashen zanen kimiyya. Abin da suke nema iri biyu ne a lokaci guda: shaidar karatun ilmin halittu mai ƙarfi, da tarin zanen da ɗalibi ya yi da hannunsa yana kallon abu na gaske, hannu ko ƙafa ko ganye ko ƙashi. A manyan cikinsu ɗalibi yakan zauna aji ɗaya da ɗaliban likitanci a darasin sassan jiki, ya ci jarrabawar da suke ci, sannan ya shiga ɗakin tiyata da takarda da fensir. Don haka yaron da ya yi watsi da lissafi da kimiyya don yana zane ya rufe wa kansa wannan ƙofa, haka ma wanda aka ƙwace wa fensir.

Kada kuma a ruɗi kowa. Kuɗin waɗannan makarantu yana da nauyi, wuraren kaɗan ne, kuma a ƙasashenmu ba a saba ware albashi don wannan aiki ba. Wanda ya bi hanyar zai fi samun abin yi wurin masu buga littattafan makaranta, ƙungiyoyin kiwon lafiya, makarantun likitoci da na ungozomomi, ko aikin da ake aikowa daga nesa ta intanet, kuma sau da yawa sai ya haɗa da wata sana'a. Ga kuma na'urorin da ke ƙirƙiro hoto da kansu cikin daƙiƙa, waɗanda ke fitar da zuciya mai sheƙi da jijiyoyi a inda Allah bai sa su ba. Sun rage wa masu zane wani aikin, sun kuma ƙara buƙatar wanda zai duba ya ce wannan kuskure ne. Hanya mafi aminci ga ɗanmu ita ce ya riƙe sashen kimiyya har ya ci bak, ya shiga likitanci ko aikin jinya ko ilmin halittu, zanen kuwa ya ci gaba da shi a gefe da tsari. Manhajar Blender ta gina siffofi kyauta ce, haka 3D Slicer ta karanta hotunan na'urar leƙa jiki, haka ma'ajiyar siffofin sunadaran jiki da aka kafa tun 1971, wadda su Eckert suka ɗebo daga cikinta.

Kafin kwamfuta ma akwai abin da ke hannun kowane gida. Ranar da aka yi yanka, a ware wa yaron zuciyar ragon da ƙoda guda kafin su shiga tukunya. A tsaga zuciyar biyu a ajiye masa a faranti, a ba shi fensir da farar takarda, a ce ya zana abin da ya gani, ya ƙirga ɗakunanta, ya nuna wane bango ya fi kauri, sannan ya je ya binciko dalili.